Ɗan Duma Ya Nutse Sau Uku

Mahaifina bai taɓa yarda cewa teku ya fi kogi ba. Shekara talatin da wani abu ya yi a Jidda yana kallon Bahar Maliya, amma in ka tambaye shi sai ya ce ruwan da ba a sha, ba a tuƙa tuwo da shi, girmansa na banza ne. A bakin kogin Bahar Azraƙ aka haife shi, can ƙasar Sudan, a wani ƙauyen Hausawa masunta da suka taso da niyyar hajji suka yada zango, zangon ya zama gari. Shi ya ƙarasa tafiyar da kakanninsa suka fara. Ya sauke farali, ya auri mahaifiyata, ya zauna a unguwar Nuzla, ya kama sana'ar ga-ruwa. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga famfon unguwa zuwa gidajen mutane, har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.

Duk da wannan raini da yake wa teku, ranar Juma'a ba ta wuce shi. Da an sauko daga masallaci, an ci abinci, rana ta ɗan yi sanyi, zai ɗauki gorarsa ta fatsa da wani tsohon gwangwanin madara da yake zuba kayan fatsa, ya hau motar haya zuwa gaɓar teku ta wajen Hamra. A lokacin ba a yi titin bakin teku ba, babu fitilu, babu kujeru. Duwatsu ne da yashi da kaguwa, sai jefi-jefi ka ga wani ya baje darduma da iyalinsa.

Shi ba ya fatsa da tana ko yankakken kifi irin na sauran mutane. Da gashin zakara yake yi. In an yanka farin zakara a unguwarmu, ko na suna ko na baƙo, matan gidan sun san ba a zubar da gashin wuyansa, a takarda ake ƙunshe shi a aiko wa Baba. Yakan narka dalmar tsohon batirin mota a cikin cokali, ya ɗiga ta a wuyan ƙugiya ta zama ɗan kai kamar ƙwayar wake, sannan ya ɗaure gashi uku ko huɗu a bayanta da jan zare. In abin ya shiga ruwa sai ya zama kamar ɗan mitsitsin kifi mai fari. A sama kuma, kamar tsawon gaba guda da rabi daga ƙugiyar, yana ɗaura ɗan duma, ƙarami kamar ƙwan zabo, wanda ya shafa wa jan fenti a ka. Mutanen gari suna da nasu na roba da suke saya a kanti, su ce masa awwama. Baba kuwa duma ne, daga Sudan alhazai suke kawo masa, kuma ɗan aike yake kiransa, don shi ke kawo labarin abin da ke ƙasa.

Tun ina yaro ya koya mini karanta saƙon ɗan aiken nan. Da farko a gwada zurfi, a tabbatar gashin yana lilo kamar kamu ɗaya a saman duwatsun ƙasa, don in ya taɓa dutse ya maƙale, in ya yi sama da yawa kifi ba zai taso ba. Bayan an jefa, ba a zama haka kawai. Ana ɗan kaɗa kan gorar, kaɗan-kaɗan, a tsaya, a sake kaɗawa, gashin yana rawa a ƙasa. Shi kuma duman magana uku gare shi. Ko ya nutse gaba ɗaya, ko ya kama tafiya gefe kamar wanda aka kira, ko kuma ya kwanta a kan ruwa, wato kifin ya ɗauko dalmar daga ƙasa ya yi sama da ita. Wannan ta ukun ita ke yaudarar baƙi, su ga duma ya kwanta su ce ba komai, alhali kifin yana can da ƙugiya a baki. Kuma ba a fizga. Akwai kifaye masu bakin da bai fi takarda ƙwari ba, in ka fizga sai ka taho da leɓe ka bar kifi. Ɗagawa ake yi, yadda mace ke ɗaga ƙwaryar da ta cika da nono.

Kifayen ma bai yarda da sunayensu na nan ba. Sha'ur a wurinsa karfasa ce da ta sha gishiri. Bayad kuwa sai ya ce ragon ruwa ne da ya zo hajji ya ƙi komawa, irinmu.

Akwai wata al'ada da ya taho da ita daga ƙauyensu, wadda ko sau ɗaya ban ga ya karya ba. Kifin farko ba na mai fatsa ba ne. Da ya fito, komai girmansa, Baba zai cire ƙugiya, ya wanke shi, ya riƙe shi da hannu biyu, ya taka har wurin mutumin da ya fi kusa da shi a bakin ruwan, ya yi sallama ya miƙa masa. Ba a aike, ba a jefawa, mai kamun ne ke kaiwa da ƙafarsa. Ya kai wa soja, ya kai wa mahaukaci, ya taɓa kai wa wani Bature da ya rasa yadda zai yi da shi. In an tambaye shi dalili sai ya ce haka ya tarar, ruwa ba ya son wanda ya fara da cikinsa.

Ni ne ɗan fari, don haka ba ya kiran sunana. Da ina ƙarami ɗan nan nake. Da na yi makarantar dare na koyi buga tafireta, na sami aikin akawu a ofishin wani wakilin jiragen ruwa kusa da tasha, sai na koma malamin ofis. Da tsokana yake faɗa, amma na san yana jin daɗin faɗar. Ni kuwa kaina ya kumbura. Ina da shekara ashirin da huɗu, ina da farar riga mai guga, da alƙalami biyu a aljihu ɗaya daga ciki ma ba ya rubutu. A ofis Larabci nake yi tsantsa, irin na 'yan cikin gari, in wani ɗan dako ya yi mini Hausa sai in amsa a gajarce ina duban takarda. Wata rana ana shan shayi, babban akawunmu ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Ban yi shawara da kowa ba, bakina ya ce yana da kantin yadi a kasuwar Bab Sharif. Ba wanda ya tilasta ni. Da na ce ga-ruwa ne, iyakaci a ce masha Allah a ci gaba da shan shayi. Amma na faɗa, kuma tun daga ranar na zama mai gadin wannan kanti da babu shi.

A shekarun ne abubuwa biyu suka sami Baba kusan tare. Aka fara ja wa gidaje famfo, garwa ta rasa masu kira. Sannan yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari yakan ce hazo ne a teku. Daga baya ya daina cewa komai, sai dai mu ga yana laluben takalminsa da ƙafa a ƙofar masallaci. Ɗaurin gashin zakara bai gagare shi ba, yatsunsa sun haddace. Abin da ya gagare shi shi ne hango ɗan jan kan nan a kan ruwa.

Wata Alhamis da yamma ya kira ni tsakar gida, yana zaune a kan tabarma da gwangwaninsa a gaba.

Ya ce, "Malamin ofis, ina neman aron wani abu a wurinka."

Na ce, "Mene ne, Baba?"

"Idonka. Ranar Juma'a kawai, daga la'asar zuwa magariba. Ni in riƙe gora, kai ka duba mini ɗan aike. In ya yi magana ka faɗa mini."

Na ce to. Inna tana bakin murhu tana jinmu, na ga ta ƙara mini nama a miya a daren.

Haka muka yi wata da watanni, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Yakan zauna a kan wani dutse mai faɗi da ya saba, da zane a ƙugu da tsohuwar singileti, ƙafa ba takalmi, gora a hannun dama, zaren kuma ya ratsa ta kan ɗan yatsansa manuni. Ni ina tsugune a gefensa. In na ce, "Ya nutse," sai ya ɗaga. In na ce, "Ya kwanta," sai ya yi dariya ya ce, "Munafuki, na ji shi," ya ɗaga. Sau da yawa kafin in buɗe baki ya riga ya ji a yatsa, amma ba ya ɗagawa sai na faɗa, don igiyar ruwa ma takan ja zare, kuma ya ce shaida biyu ta fi ɗaya. Kifin farko kuwa, ni nake kama masa hannu in kai shi wurin wanda ya fi kusa, ya miƙa da kansa. A hanyar dawowa yakan ce, "Ido ya tafi, amma hannu yana nan. Ranar da hannu ya bi shi, halas, shi ke nan, sai in zauna in jira mai kira."

Ranar da nake son ba da labarinta, iska ta kwanta, ruwan ya yi luf, irin ranar da masunta ke roƙo. Mun zauna ke nan, Baba ya gwada zurfi ya gyara duma, sai wata farar mota ta taho ta tsaya a bayanmu, ba ta fi taku arba'in ba. Na waiga. Babban akawunmu ne ya fito, da wasu abokan aikina biyu. Suka shimfiɗa darduma, suka fito da butar shayi da karta da rediyo. Duk faɗin bakin tekun nan, ba su ga wurin zama ba sai nan.

Na ja mayafin kaina na rufe rabin fuska, na juya musu baya sosai. Na duba hagu, na duba dama, ina neman ko da mutum ɗaya da ya fi su kusa da mu. Babu kowa. Nan take lissafin ya fito mini sarai: in kifi ya kamu, Baba zai miƙe da zanensa da ƙafarsa mai faso, ni zan kama masa hannu, mu taka har kan dardumar nan, ya yi sallama da Larabcinsa na ga-ruwa, ya ce ga sadakar ruwa, wannan kuma ɗana ne, malamin ofis. Na san zai faɗa, don bai taɓa kai kifi bai faɗa ba.

Na ce, "Baba, ko mu matsa gaba? Nan kamar ba kifi yau."

Ya ce, "Ka taɓa ganin an bar tuwo a gaba an tafi neman wani? Yalla, maza duba mini."

Ya jefa. Ya kaɗa kan gorar sau biyu, ya tsaya. Ko minti biyar ba a yi ba, duman ya yi ƙasa, jan kan ya ɓace ɗungum. Ina kallo. Bakina ya buɗe da kansa don sabo, na mayar da shi na rufe. Na ga yatsan Baba ya motsa, na ga kafaɗarsa ta ɗan tashi, ya karkato kunnensa wajena yana jira. Na yi shiru. Can duman ya taso yana rawa.

Ya ce, "Ɗan nan, ba ka ga komai ba?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Igiyar ruwa ce."

Ya ce, "Tayyib, to."

A ranar babu igiyar ruwa ko ta magani. Ya ɗago ƙugiyar, ya shafa gashin da yatsa, ya gyara shi, ya sake jefawa. A bayana ina jin ana buga karta ana dariya, rediyo yana waƙa. Karo na biyu duman tafiya ya yi gefe, a hankali, sannan ya nutse, har kan gorar ya ɗan rusuna. Wannan ko makaho ya san kifi ne, kuma makahon ya sani. Ya ce da sauri, ƙasa-ƙasa, "Yanzu fa?"

Na ce, "Yana nan yadda yake."

Bai ɗaga ba. Wallahi da ya ɗaga da ya kama, kuma da na ji sauƙi yau. Amma ya riƙe gorar cak, yana jiran shaida ta biyu, har kifin ya gane gashi ne ya tofar. Sai ya sauya hannu, ya mayar da gorar hagu, ya yarfa na daman, ya murza yatsun a gwiwarsa kamar wanda ke son tashin mai barci.

Na uku bai ma tambaye ni ba. Duman ya nutse, ya daɗe a ƙasa, na ƙirga numfashina har bakwai. Na dubi fuskarsa. Idanunsa farare suna kallon teku, leɓensa yana motsi, yana jira in yi magana. Da duman ya dawo sama, sai ya sauke ajiyar zuciya, ya fara naɗe zare.

Ya ce, "Mu tafi gida."

Na ce, "Tun yanzu? Rana ba ta faɗi ba." Ka ji munafunci, ni da nake addu'ar mu tashi.

Ya ce, "Sau uku ina jin ana ja, sau uku babu kowa. Hannun ma ya fara yi mini ƙarya. Ma'alesh, ba komai, ya yi ƙoƙari."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Kalma huɗu ce ko biyar. Amma motar tana nan, dardumar tana nan, kuma hanyar fita ta gefensu take. Na kama hannunsa na zagaya da shi ta can nesa, ta cikin duwatsu masu kaifi, shi da ba takalmi a ƙafa, na ce masa ta nan ta fi kusa. Ko waiwayowa mutanen ba su yi ba. Washegari a wurin aiki babban akawu yana ba da labarin sun je shan iska, ya ce wurin shiru, ba kowa sai wani tsoho da ɗansa suna fatsa, abin sha'awa. Ya ce har ya so tsohon ya kama wani abu ya je ya saya.

Juma'ar da ta biyo na shirya da wuri, na ɗauko gorar da kaina. Na ƙudura a raina yau ko duman bai motsa ba sai na sa ya kama. Baba yana kwance a tabarma ya ce in mayar, jikinsa ba daɗi. Ta gaba ya ce zafi ya yi yawa. Ta gaba da ita na tarar ya ba wa wani maƙwabcinmu gorar, ya ce ya yi wa kajinsa shinge. Matan unguwa suka ci gaba da aiko gashin zakara, Inna tana karɓa ta yi godiya ta tura ƙarƙashin gado. Mutumin da bai taɓa zama wuri ɗaya ba sai ga shi daga tabarma sai masallaci. Ya daina tsokanata. Ko ƙoƙon shayi aka miƙa masa sai ya sa hannu biyu ya tallafe, wai kada na daman ya yaudare shi ya zubar.

Na yi niyyar faɗa masa ya fi sau ɗari. Nakan zo har bakin tabarmar in zauna, in ce, "Baba," ya ce, "Na'am, malamin ofis," sai in tambaye shi ko yana son goro. Abin da ke hana ni faɗa ba ƙaryar ba ce. In na ce duman ya nutse, zai tambaye ni me ya hana ni faɗa, kuma amsar ita ce kunyarsa na ji. Na gwammace ya ci gaba da zargin hannunsa da ya san wannan. Na ce wa kaina tausayinsa nake ji. Ba tausayinsa ba ne, kaina nake karewa, yau na sani kuma a lokacin ma na sani.

Bai cika shekara biyu ba bayan wannan ya rasu, cikin azumi, ba tare da wata doguwar jinya ba. Mutane suka ce tsufa ne, kuma wataƙila tsufan ne. Ranar sadakar uku abokan aikina suka zo gaisuwa har Nuzla, suka zauna a kan tabarmar aro, suka ga garwa biyu da sanda a jingine a zaure. Ba wanda ya tambayi kantin yadi. Babban akawu ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, ya tafi. Abin da na sayar da mahaifina don in ɓoye, ashe ko kallo bai ishe su ba.

Bayan arba'in Inna tana kwashe kayansa, ta miƙo mini gwangwanin madarar. Ƙugiyoyi ne a ciki da gashinsu, sun fara tsatsa, da ɗan duman nan mai jan kai. Na daɗe ina juya shi a hannu. Wani zato ya daɗe yana ba ni sauƙi, cewa watakila ya gane, ya san na yi ƙarya, ya yi shiru ne irin na manya ya yafe mini a ransa. Sai na tambaye ta, ina yi kamar hira ce kawai.

Na ce, "Inna, ranar da muka dawo daga teku ba kifi, ya ce miki wani abu?"

Ta ce, "Ya faɗa. Ni ce ma na ce masa, Malam, anya ba yaron ne hankalinsa ya tafi wani wuri ba? Ka san yaran yanzu. Sai ya yi mini faɗa, irin wanda bai taɓa yi mini ba."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ci gaba da ninke zanensa, ba ta ko dube ni ba, don a wurinta yabo take isar mini.

"Cewa ya yi, kada in ƙara. Ya ce hannu nama ne, yana iya ruɗewa. Amma ɗan nan, tun da aka haife shi bai taɓa ce masa abu ba ya tarar ba haka ba ne."